Suna Daban, Adireshi Daban

Ka tambaye ni me ya sa kowane bakin kati na Faiba Canel, hanyar sadarwar da ke haɗa manyan kwamfutoci da ma'ajiyar bayanansu, yake da lamba biyu, doguwa da gajera, kuma wacce za ka riƙe in kana haɗa saba, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima, da akwatin ajiyar bayanai. Madalla, ɗan nan. Tun zuwanka wurina sai yau ka yi tambayar da ta isa in ajiye kofin shayina. Sauran ƴan uwanka ba su tambaya. Su zaro waya, su kalli ɗan bidiyo, su taso suna kiran kansu injiniya.

Doguwar ita ce WWPN. Bit 64 ce, alamomi 16 da ake rubutawa bibbiyu, kuma da ita katin yake fitowa daga masana'anta. Katin gaba ɗaya yana da tasa, WWNN, amma ta bakin ita ce ruwanka. In idonka ya saba, daga farkon lambar za ka gane gidansu: 10:00:00:00:c9 na kamfanin Emulex ne, 21:00:00:24:ff na QLogic ne, akwatunan ajiya kuma galibi da 50 suke farawa. Gajerar ita ce FCID, bit 24, suwic, na'urar da duk wayoyin ke haɗuwa a jikinta, shi ke bayar da ita, kuma da ita saƙo yake tafiya a cikin waya. Kashi uku gare ta, na farkon shi ne lambar suwic ɗin kansa, daga 1 zuwa 239, sauran biyun su nuna wurin da kake a jikinsa. WWPN sunan yanka ne, FCID lambar rumfa ce a babbar kasuwa: ka koma wani layi lamba tana iya canzawa, sunanka na nan.

Da ka soka waya haske ya kama, katin zai yi sallama a FFFFFE, adireshin da suwic ke karɓar masu shigowa, wannan sallamar ita ce FLOGI, suwic ya ba shi FCID. Daga nan ya wuce FFFFFC, wurin rajistar sunaye, ya rubuta kansa, ya tambaya su wa aka yarda ya gani. Sai an amsa masa sannan ya yi sallama da akwatin kansa, ita ce PLOGI da PRLI. Yadda ake sa SFP, ɗan ƙarfen da wayar haske ke shiga cikinsa, ko goge LC, bakin wayar, ba zan ɓata yawuna a kai ba. Wanda bai iya wannan ba ya koma gyaran caja a bakin tasha.

Wannan tambaya ta "su wa aka yarda in gani" ita ce sana'ar duka, kuma a kanta aka cinye mini guminna.

Akwai wani Alhaji a garin nan, ba zan kama suna ba, mai manyan shaguna, kayansa ta Jibiya da Dan Isa suke shigowa. Ya sayo kayan gwanjo: akwatin ajiya, suwic mai gudun 8G, saba biyu. Na rubuta masa lissafi har da suwic na biyu, don kowace saba ta samu hanya biyu, da na'urar da za ta riƙa kwafe bayanai kowane dare. Ya ɗauki biro ja a gabana ya soke su duka biyun, wai mu masu kwamfuta haka muke, sai mu ƙirƙiro cuta don mu sayar da magani. Na ce, "Alhaji, araha ba ta ado." Ya yi dariya, yaransa suka taya shi.

Duk da haka na yi aikina tsaf. A suwic na yi shinge, wato tsarin da ke ƙayyade wa zai ga wa, kowane bakin saba da nasa, daga shi sai bakin akwatin, duka da WWPN. A akwatin kuma na ɗaure kowane LUN, wato filin da aka yanka a akwatin wanda saba ke gani kamar faifai, ga sabar da ta mallake shi, ta yadda ko ka tsallake shinge ba za ka ga faifan wani ba. Faifan da ke ɗauke da lissafin bashin ƴan sari na sabar Linux ne. Na rubuta komi a takarda, har da kalmomin sirri, na sa a ambulan na liƙe na miƙa wa Alhaji hannu da hannu. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce saura jaka 800 sai bayan Salla.

Kafin Salla ɗan ƙanwarsa ya dawo daga Yamai da takardar makaranta da takalmi mai tsini. Ya ce wa kawunsa me za a kira tsoho a biya shi, ai shi ma ya iya. Ya kawo sabuwar saba mai Windows, ya soka, bai ga faifai ba. To, dama ta ina zai gani? Ba a sa sunanta a shinge ba, ba a ɗaura mata LUN ba. Abin da ake bukata kawai ya duba suwic ya kwafi WWPN ɗinta, ya yi mata shingenta, ya yanka mata sabon fili a akwatin. Shi kuwa sai ya yage ambulan, ya shiga suwic ya kashe shingen ɗungurungum. Wasu suwic, in babu shinge mai aiki, kowa na ganin kowa. Ya shiga akwatin ya buɗe LUN ga duk wanda ya zo. Faifai ya bayyana, yaro ya yi murna. Windows ba ta san rubutun Linux ba, ta tambaye shi ko a shirya wannan faifan, ya ce a shirya, ya ƙara da fomat. Bashin da Alhaji ke bin mutane daga Tasawa har Dakwaro ya tafi tun ba a kira la'asar ba.

Ni a ranar ina gidan suna a Tibiri. Aka kira ni kamar gobara ta tashi. Na zo na buɗe tarihin suwic, ga awa, ga minti, ga umurnin da aka buga, na juya allon na nuna wa Alhaji da yatsana. Ko kallo bai yi ba. Ya ce shi bai san bokon nan ba, abin da ya sani wanda ya haɗa shi ne ya lalata. Yaron na tsaye a bayansa yana latsa waya, ko gezau. Na kwana a ɗakin nan mai zafi, na tsamo abin da zai tsamu, wajen rabi, sauran kuwa sabon rubutu ya riga ya hau kansa. Ladan wannan daren ma ban gani ba, balle jaka 800. Na kai magana wurin dattijai, aka ce in yi haƙuri, babban mutum ne. Har yau in na bi ta ƙofar shagonsa sai na kau da kai, kuma na ji yaron nan yanzu shi ake kira shugaban sashen kwamfuta.

Saboda haka a shagona da WWPN ake shinge. Akwai masu yi da lambar bakin suwic, amma su, duk wanda ya zare waya ya soka tasa a ramin ya gaji gadon mai wurin. Na WWPN ma yana da nasa hali: in kati ya ƙone ka sa sabo, suna ya canza, faifai zai ɓace har sai ka gyara shinge da ɗaurin LUN. Kar ka firgita, kar kuma ka kashe komi don ka gani.

Na san abokanka za su ce maka iSCSI, wata hanyar haɗa saba da akwatin, ta fi sauƙi, tunda a kan Itanet, wato wayar sadarwar kwamfuta da aka saba, da IP take tafiya ta ƙofa 3260. Can ma labarin bai canza ba: IP adireshi ne, suna kuwa IQN, irin iqn.1991-05.com.microsoft da kake gani a sabobin Windows, kuma da shi akwatin yake tantance mai shiga.

Gobe ka zo da littafi mai bango, ba waya ba. Za ka bi sabobin da ke bayan shago ɗaya bayan ɗaya ka kwafe WWPN na kowane baki da hannunka, ni kuma in gwada da abin da suwic ya nuna. Alama ɗaya ta kuskure, ka sake daga farko.