Amsa ga Hajiya mai fama da manhajar haraji a shagonta na intanet

Assalamu alaikum. Hajiya, tun da na karanta tambayarki zuciyata ta koma kan wani azumi da ba na son tunawa. Kin ce shagonki na turaren wuta da humra yana kan WooCommerce, wato manhajar buɗe shago a intanet, kin haɗa masa manhajar da ke lissafa haraji da kanta, amma wani lokaci harajin ba ya fitowa a shafin biyan kuɗi, wani lokaci kuma ya fito ya zarce abin da kike tsammani, har kina tunanin sauya manhaja. Don Allah kada ki sauya tukuna, domin a nawa lamarin laifin ba na manhajar ba ne, na abin da aka faɗa mata ne.

Ni a Gombe nake, atamfa da leshi da mayafai nake sayarwa. Wanda ya haɗa mini tawa wani yaro ne ɗan unguwarmu, mahaifiyarsa aminiyata ce tun muna 'yan mata, shi ya sa na ba shi kuɗinsa cif tun bai taɓa aikin ba. Farashin da ke kan kayana duk da harajin VAT a ciki na rubuta shi, kuma na faɗa masa haka da bakina, amma ya bar saitin shagon a kan cewa farashin babu haraji a cikinsa. Atamfar da na sa wa naira 21,500, wato 20,000 kuɗin kaya da 1,500 na haraji, sai aka sake ɗora mata kashi 7.5, mai saye ya biya 23,112 da kwabo 50. Kwana goma sha ɗaya ana haka, a goman ƙarshe da kafin ta, lokacin da kowa ke sayen kayan Sallah, ni kuwa ina ta murna ciniki ya buɗe.

Wata baiwar Allah daga Kumo, wadda ta shekara huɗu tana saye a wurina, ita ta kira ni ana gab da shan ruwa, ta ce ba ta taɓa zaton ni ma zan ci haƙƙin mutane a watan azumi ba. Wallahi ranar ko kunun ban iya sha ba. Na kira yaron ya fi sau ashirin, ya ƙi ɗauka, daga baya ya kashe wayar gaba ɗaya. Da na je shiga asusun manhajar don in gyara da kaina, sai na tarar da imel ɗinsa ya buɗe shi, kalmar sirri na hannunsa, mabuɗin API, wato lambar sirrin da ke haɗa shagon da manhajar, shi ma a asusunsa aka ciro shi. Dukiyata ce, sunana ne yake ɓaci, amma ban da ikon buɗe ƙofar. Kunya ta hana ni kai ƙara wurin uwarsa, kuma har yau idan muka haɗu a biki sai ya durƙusa ya gaishe ni kamar bai yi komai ba, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Wannan ne ya fi asarar kuɗin ci mini rai.

Kuskuren da na ƙara da hannuna shi ne, bayan tarawihi na zauna ina tura wa kowa rararsa ta banki. Shagon bai sani ba, manhajar ba ta sani ba, sai rahoton wata ya nuna na karɓi harajin da tuni na mayar wa masu shi, ga ranar 21 ga wata na gaba da ake miƙa bayanin VAT tana matsowa. Akantan da na ɗauko ya yi kwana uku yana bin oda ɗaya bayan ɗaya. Duk kuɗin da za ki mayar, ki rubuta mayarwar a cikin odar, ko da ta banki kika tura.

Game da harajin da ba ya fitowa, mai yiwuwa daidai ne. Manhajoji irin su TaxJar don Amurka aka gina su, inda kowace jiha ke da nata harajin sayayya, birane da gundumomi su ƙara nasu, wasu jihohin kamar Oregon da Delaware kuma ba su da shi. Tun hukuncin da Kotun Ƙolinsu ta yanke a 2018 a shari'ar jihar Dakota ta Kudu da kamfanin Wayfair, jiha na iya tilasta wa mai sayarwa daga nesa ya karɓa mata haraji idan cinikinsa a cikinta ya kai wani mizani, wanda a jihohi da dama dala 100,000 ne a shekara. 'Yan'uwanmu da ke can masu sayen kwalba biyu ko uku ta humra ba za su kai ki nan ba. Manhajar tana lissafi ne kawai a wuraren da kika shaida mata kina da rajista, sauran ta bar su sifili. Kada ki kunna wata jiha don kawai ki ga lamba ta fito, domin karɓar haraji inda ba ki da rajista rigima ce. Idan kuwa kina aika ƙananan kaya Ingila, ki nemi bayani, saboda tun Janairun 2021 odar da ba ta wuce fam 135 ba mai sayarwa ne ke da alhakin harajinta.

A nan gida harajin VAT ɗaya ne daga Gombe har Legas, kashi 7.5 tun watan Fabrairun 2020, kuma layi guda a teburin harajin shagon, wato wurin da ake rubuta kason haraji da hannu a saitin WooCommerce, ya ishe shi. Ki tabbata abu ɗaya ne ke lissafi, ko teburin ko manhajar. Kafin ma wannan, ki zauna da akanta ki ji ko karɓar harajin ta hau kanki, don a da sai cinikin shekara ya kai naira miliyan 25, sababbin dokokin da suka fara aiki a Janairun 2026 kuma sun ɗaga mizanin ga ƙananan 'yan kasuwa. Ni dai abin da na karɓa a wani asusu dabam nake ajiye shi, domin amana ce, kuma na ga yadda yake narkewa cikin kuɗin sari idan an haɗa su.

Yau da dare, Hajiya, ki shiga shagonki kamar baƙuwa, ki saka turare ɗaya a kwando, ki rubuta adireshin Bauchi, sannan na Kano, sannan na Amurka, kina riƙe da takarda da biro kina lissafa naki, har da kuɗin aike. Ki duba ko an rubuta adireshin shagonki daidai a saiti, ki kuma duba da imel ɗin wa aka buɗe asusun. Idan ba naki ba ne, ki karɓe shi gobe da safe, ki ciro sabon mabuɗi ki soke tsohon, ko da wanda ya yi miki aikin ɗan ɗakinku ne. Abin da gwajin ya nuna ki rubuto mana, zan duba tare da ke in Allah ya yarda.