Gidan haya a Amurka: dole sai na ƙara inshorar laima?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan Kano ne amma ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, ina da gidan da nake ciki da iyalina sai wani ƙarami da na zuba ƴan haya. Duk biyun suna da inshora, mota ma haka, to yanzu kuma wakilin kamfanin ya dame ni wai in ƙara wata da suke ce ma umbrella, wato laima. Dan Allah wannan ba cin kuɗi ba ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya wannan karon mutumin naka bai yi maka wayo ba, ko da yake shi ma kamashonsa yake nema.

Ka san hunturun Ohio fiye da ni. A ce ƙanƙara ta daskare a matakalar gidan hayan nan, baƙon ɗan hayarka ya taka ya zame ya karya ƙugu, ga kuɗin asibitin Amurka, ga watannin da zai yi ba aiki, lauyansa kuma ya shigar da ƙara kotu ta ce a biya shi dala 800,000. Inshorar gidan in iyakarta 300,000 ce to nan za ta tsaya cak, sauran 500,000 a wuyanka suke, kuma ana iya bin ajiyarka ta banki da gidan hayan, har wani kaso na albashi. Laimar daga inda waccan ta tsaya take ɗauka, yawanci har da kuɗin lauyan da zai kare ka. Mafi ƙanƙantarta yawanci iyakar biyanta dala miliyan 1 ce, kuɗinta a shekara kuma galibi ƴan ɗaruruwan daloli ne.

Amma fa ba ruwanta da rufinka da iska ta yaye ko gobara, ɓarnar da aka ɗora maka ta wani kawai take biya. Kuma kafin su ba ka sai sun ga iyakar biyan inshorar da kake da ita tun farko ta kai wani mataki, yawanci 300,000 a gida, mota kuma 250,000 kan kowane mutum ɗaya da aka ji wa rauni.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami shi ne gidan hayan. Dole adireshinsa ya fito ɓaro-ɓaro a takardar laimar, in ba haka ba ranar da abu ya faru su ce ba su san da shi ba. In kuma ka sa gidan a sunan kamfani irin LLC, laimar sunanka ba lallai ta kai kansa ba, sai ta kasuwanci. Haka in Airbnb kake yi da shi, wato hayar ƴan kwanaki ta intanet, faɗa wa wakilin tun yanzu.

Batun halascin inshora kuwa wannan na malamai ne, ni ba nan na fi ƙarfi ba. Shi dai wakilin, in ka tambaye shi ko laimar ta haɗa da gidan hayan, kar ka yarda da amsar baki a waya, ce ya turo maka ta imel.