Kun Tambaya: Dokokin Muhalli da Kasuwar Ƙasashe Masu Tasowa

Tambaya: Malam, ina yawan jin ana cewa ƙasashe masu arziki suna fakewa da kare muhalli ne domin su toshe wa kayan ƙasashe masu tasowa hanyar shiga kasuwanninsu. Shin gaskiya ne? Daga wani ɗalibin ilimin tattalin arziki.

Amsa: Malam ɗalibi, zargin yana da tushe, amma bai kamata a haɗiye shi ɗungurungum ba. Ɗumamar yanayi gaskiya ce, kuma dokokin da kake magana a kai an kafa su ne domin rage hayaƙin da ke haddasa ta. Abin dubawa shi ne wanda nauyinsu yake faɗawa a kansa.

Mu ɗauki harajin kabon na Tarayyar Turai, wanda aka soma gwajinsa a watan Oktoba na 2023. Ya shafi siminti, ƙarfe, alminiyam, takin zamani, haidirojin da lantarki, kuma manufarsa ita ce duk kayan da aka shigar Turai a biya musu kuɗin hayaƙin da aka fitar wajen ƙera su, kamar yadda masana'antun Turai suke biya. A takarda wannan adalci ne. Sai dai ƙasa irin Mozambik, wadda alminiyam ya daɗe yana cikin manyan kayan da take sayar wa Turai, za ta shiga lissafi ɗaya da ƙasashen da suka fi shekara ɗari suna ƙona kwal, alhali duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya.

Dokar Tarayyar Turai ta hana sare dazuzzuka ta fi wannan tsanani ga talaka. Ta tanadi cewa koko, kofi, manja, waken soya, roba, katako ko naman shanu ba za su shiga Turai ba sai an nuna wurin da gonar take a taswira, an kuma tabbatar ba a sare daji domin ta ba bayan ƙarshen 2020. Babban kamfani yana da ma'aikatan da za su yi masa wannan aiki, amma ƙaramin manomin koko a Ghana ko manomin kofi a Habasha, wanda sau da yawa ko takardar gona ba shi da ita, yana iya rasa kasuwa ba tare da ya sare ko itace ɗaya ba.

Damar da ke akwai ga ƙasashe masu tasowa tana wajen ma'adinai. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ce ke haƙo kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya, wanda ake sa wa batirin motocin lantarki, amma mafi yawansa a China ake tace shi, ribar tacewar kuma can take zama. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, masana'antun tacewa suka yawaita a cikin gida, duk da cewa Tarayyar Turai ta kai ta ƙara gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, aka yanke hukunci a 2022 cewa Indonesiya ba ta da gaskiya. Amma fa da yawa daga cikin masana'antun nan da wutar kwal suke aiki, saboda haka ban ga dalilin kiran wannan nasarar muhalli ba.

A ganina, ma'aunin gaskiyar ƙasashe masu arziki shi ne kuɗin da suke bayarwa domin sauya na'urori da hanyoyin samar da lantarki. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Kofenhagen a 2009 sun yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika ba sai 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A irin wannan taro a Baku, a 2024, an ɗaga adadin zuwa biliyan 300 nan da 2035, adadin da wakiliyar Indiya ta yi watsi da shi nan take a zauren taron saboda ƙarancinsa.