Za mu iya ƙone tarkacen majema mu ba manoma tokar?

Tambaya: Ni ke kula da shara a wata masana'antar jima a Challawa, Kano. Burbushin shuɗiyar fata da laka sun cika mana fili, kuɗin kwashewa ya yi yawa. Wani dillali ya ce mu cinna wuta, shi zai sayi tokar ya kai wa masu lambu a matsayin taki. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka ƙone.

Maganar nan ta "wuta tana cinye guba" kullum sai an ji ta a Challawa da Sharaɗa da Bompai. Kuromiyam, sinadarin da kuke jima da shi wanda ke sa fatar ta yi shuɗi, ƙarfe ne, ba ya ƙonewa. Fatar ce ke tafiya da hayaƙi, shi kuwa ya zauna cikin toka, ya ma fi taruwa. Abin da ya fi muni: kuromiyam iri-iri ne, wanda kuke jima da shi mai lamba 3 ne, cutarwarsa da sauƙi. In ya sha zafi cikin iska, ga kuma farar ƙasar da ke cikin lakarku, sai ya rikiɗe ya koma mai lamba 6. Wannan narkewa yake a ruwa, yana jawo kansar huhu ga mai shaƙarsa, yana cin fata, har tsakiyar hanci yake hudawa. Ruwan sama ɗaya ya isa ya kai shi rijiya ko kogin Challawa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha miligiram 0.05 ne a lita. Shi dillalin, da wane awo ya gwada tokarsa? Ya ga majemin gargajiya na amfani da bagaruwa, sai ya ɗauka duk jima ɗaya ce. To, latas da alayyahun da za a zuba wa tokar, a kasuwarmu za a sayar.

Gyaran daga rarrabewa yake farawa. Kitse da gefen fatar da aka yanke kafin jima ba su da kuromiyam. A ware su, masu sabulu da gam suna so. Da zarar sun haɗu da shuɗiyar, duka sun zama guba, kuɗin kwashewa ya ƙaru. Burbushin shuɗiyar a zuba a buhu, ƙarƙashin rufi, kan daɓen siminti. Ana matse shi a yi allon fata na cikin takalmi. Ruwan jima kuma kada ya bi kwata ɗaya da na farar ƙasa: a zuba masa maganiziyam okzayid, kuromiyam ya kwanta, a narkar da shi da asid ya koma gangar jima. Lakar da ta rage a tsane ta, a kai rami mai shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa.

Dokar NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, ta 2009 kan masaƙu da masana'antun fata ta ɗora nauyin sharar a kanku. Ka riƙa karɓar takardar inda kowace tifa ta juye.