Muna nan dai: amsa daga Zangon Kumasi

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ga tambaya biyu ka ƙulla a ƙunshi ɗaya. Ta farko ta makaranta ce: malaminku ya ce ku bambance "permanent" da "persistent", ka buɗe ƙamus ka ga duk ɗorewa suke nufi, sai ka ce bari ka taɓo Baffanka tunda a koyar da Turanci ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ta biyu kuwa a ƙasa ka liƙa ta kamar wasa: wai mu mutanen zango mun zama 'yan Gana ke nan har abada, ko har yanzu baƙunta muke yi? To, gyara zama, don da dutse ɗaya zan jefe su.

Kalmomin nan biyu daga Latin Turawa suka samo su. Tushen ta farko zama ne, tushen ta biyu tsayuwa. Ka riƙe wannan, rabin aikinka ya ƙare.

"Permanent" shi ne abin da aka yi da niyyar kada ya sauya, wato na dindindin. Katin zaɓenku na Najeriya haka ake kiransa. Haƙorin da ya fito wa yaro bayan famfara haka likita zai ce da shi. Ma'aikacin da aka tabbatar masa da aiki, ba ɗan wucin gadi ba, shi ma haka. In ka lura, kusan kullum akwai mai hatimi a bayan kalmar, wani ne ya yanke cewa abin nan ya zauna. Magana ce a kan gobe, alkawari ne. Shi ya sa take yawan jin kunya: babban sakataren da Bature ya laƙaba wa "permanent" ritaya yake yi kamar kowa, haƙoran dindindin ɗin nan kuma uku daga cikin nawa sun riga ni tafiya.

"Persistent" kuwa naci ne. Tarin da ya ƙi jin magani. Mai bin bashin da ke sallama a ƙofarka kowace asuba. Ciyawar da ka nome shekaranjiya yau ta sake leƙowa. Ba a kiran abu da wannan suna sai in akwai mai son ya kau shi kuma ya ƙi. Ba wanda zai kira Dutsen Dala "persistent", don ba a taɓa ce masa ya tashi ba. Kuma kalmar ba ta yi maka alkawarin gobe, tarin yana iya warkewa da daddare. Shaida take bayarwa a kan jiya da yau. Kamar naci a Hausa, yabo ce ko zagi, ya danganta da wanda ake damu. Na sha rubuta ta a takardar sakamakon yaran da ba sa zuwa sai an kaɗa ƙararrawa, na kuma rubuta ta ga yarinyar da ta faɗi jarrabawa sau biyu ta ci a na uku.

Yanzu dubi sunan unguwarmu. Kai Bakano ne, ka san zango: inda madugu ke sauke ayari a kwana, a ba jakuna ruwa, da asuba a ɗaura kaya. Fataken Gwanja sukan taso daga Kano da kanwa da baƙin yadi da fatu, su yi watanni a hanya, su sayi goro a Salaga su juya. Da basasa ta ci Salaga a 1892 sai 'yan kasuwa da malamai suka watsu. Malam Umaru, haifaffen Kano, ya ƙare a Kete-Krachi, can ya rasu a 1934. Wasu suka gangaro Kumasi, musamman bayan Turawa sun karɓe ƙasar Asante, jirgin ƙasa kuma ya iso garin a 1903. Duk inda suka sauka sunan nan suka ba wurin, sunan wurin kwana ɗaya. Har yau ba a sake shi ba.

Kakana, ƙanin kakan babanka, goron shekara ɗaya ya zo saye. Yana da wata adaka a ƙarƙashin gado, a ciki akwai rigar saƙi da hula da kuɗin mota a ƙulle cikin tsumma. Duk wanda ya tambaye shi yaushe zai tafi gida, amsarsa ɗaya ce: in an sayar da goron bana. Ya auri kakata, Badagomba, ya haifi bakwai, ya gina gida a Aboabo, ya yi furfura, goron bana bai ƙare ba. Da aka sauya kuɗin ƙasar, na cikin tsumman suka mutu, sai ya canza su da sababbi ya mayar. A maƙabartar Tafo muka kai shi.

Ina ɗan shekara goma sha biyu aka gwada mu. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Busiya ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Wace takarda? Mutanen da aka haifi iyayensu a nan ba su taɓa tunanin suna bukatar izinin kwana a ɗakin da aka yanke musu cibiya ba. Ba na mance telan da ke maƙwabtaka da mu, Bayarabe, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya fito da keken ɗinkinsa bakin titi, mutane suka kewaye suna tayawa kamar kayan gwanjo, ya sayar da shi a kuɗin da ba su kai na kwano biyu na rufi ba. Matarsa ta miƙo wa mahaifiyata turmi da tabarya ta ce a ajiye mata. Manyan motoci suka cika da mutane da katifu, dubun dubata suka nufi Najeriya da Nijar da Togo da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Mahaifina ya rufe shago, ya ba wani amininsa Ba'asante makulli, ya shige wani ƙauyen masu noman koko ya yi shiru wata uku. Da ƙura ta lafa ya dawo, aminin ya miƙo makullin da lissafin abin da ya sayar, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Sojoji suka kifar da Busiya a Janairun 1972. Wasu da suka tafi suka sulalo suka dawo, wasu har yau. Turmin nan mun daka sakwara da shi ya fi shekara ashirin, mai shi ba ta zo ba.

Kada ka ce 'yan Gana ne kaɗai suka iya wannan. A 1983 gwamnatin Shagari ta rama, har jakar da suka kwashe kaya da ita ta samu sunan da kuke kiranta da shi a Kantin Kwari.

To ka ga inda Turancin malaminku ya shigo. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara cewa zango zai dawwama, mu kanmu ba mu tsara ba. Tsayuwa aka yi, aka ture, aka sake tsayawa. Shi ya sa in ka tambayi tsoho a nan yaya zama, ba zai ce maka ya kafu ba, zai ce "muna nan dai". Wani ɓangare tsoron Allah ne, don dawwama tasa ce shi kaɗai. Wani ɓangaren kuma 1969 ce ba ta fita daga jiki ba.

Yadda muke zaune ma duk dabarar mai tsayuwa ce. Zango ba na Hausawa kaɗai ba ne, wannan shi ne abin da ku mutanen gida kuka fi kasa ganewa. Akwai Moshi da Zabarmawa da Wangarawa da Kotokoli da Dagomba da Fulani da Yarbawa, kowace ƙabila da sarkinta, ga kuma Sarkin Zango. Rigimar aure ko gado ko bashi takan mutu a zauren sarki ko gaban liman kafin ta ga kotu. Hausa ce igiyar da ta ɗaure kowa, amma Hausar da ta sha hannu: "yarinya ya zo" muke cewa, ba ruwanmu da ta da ya, mu tsoma Tuwi, yaren Asante, a tsakiya mu wuce. Na san kuna mana dariya, ranar da na fara zuwa Kano 'yan uwanka sun kusa shiƙewa. Ku yi ta yi. Yaron da kakansa Bamoshe ne, uwarsa Bafanta, da wannan Hausar yake mafarki, kuma in ka ce masa ɗan zango ya fi jin daɗi a kan ka tono masa ƙabila. Ƙasa kuwa ta masarautar Asante ce. Gidan da kake ganin naka ne, yawanci haya ce ta shekara 99, kuma shugabanninmu sukan je fadar Manhyia su yi gaisuwa, don mai masauki ba a raina shi ko an shekara ɗari. A ɗaya gefen, duk Ba'asanten da ya tashi da safe kokonmu da ƙosanmu yake nema, shinkafa da waken da suke kira waakye ma sunan daga bakinmu ya fita. A 2017 har ma'aikata gwamnati ta buɗe da sunan raya zango, aka kafa asusu dominsa. Na yi dariya a raina ranar, na ce ga masaukin jakuna ya shiga kasafin kuɗi.

Amma kada ka ɗauka an gama. Shekarun baya na je wani ofishi neman takarda. A fom ɗin akwai layin "permanent address", ƙarƙashinsa kuma layin garin asali. Na rubuta Aboabo, Kumasi, a duka biyun. Ma'aikacin, yaro ne sa'an ɗana na uku, ya dubi sunana, ya dubi hulata, ya ce a'a Baba, ainihin garinku muke so. Na ce nan aka haife ni, nan aka haifi ubana, kabarin kakana yana Tafo in yana son mu je. Ya ce in kawo takardar haihuwar mahaifina. Na kawo. Ya ce in kawo wasiƙa daga wakilin unguwa. Na kawo. Zuwa na uku ya ce mai sa hannu ba ya nan. Ran zuwa na huɗu na tafi da buta da dadduma da carbi, na zauna a bencin da ke fuskantar teburinsa tun ƙarfe takwas. Wajen azahar ya ɗago kai, ya ce da ni da Turanci, Baba kai "persistent" ne, ya jawo hatimi ya buga.

Ka gaida mahaifiyarka. In ka samu hutu ka zo, motar Kumasi ba ta da wuyar samu in ka iso Ankara, babban birnin Gana. Adakar tana ɗakina, jikata ke zuba littattafan makaranta a ciki, amma rigar saƙin da ƙullin tsumman suna ƙasa, na hana a taɓa.