Hukuncin Shiga Ɗakin Tsananin Sanyi Don Neman Lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Dubai, ciwon gaɓoɓi ya matsa mini. A wurin da muke motsa jiki akwai ɗakin da ake shiga cikin sanyin da ya fi na ƙanƙara, suna cewa yana maganin ciwon jiki, yana rage ƙiba. Ya halatta in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa.

Neman magani halal ne a asali, kuma yin magani da sanyi ba baƙon abu ba ne, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya ce a sanyaya zazzaɓi da ruwa. Sai dai wannan ɗaki sanyinsa kan kai digiri 110 zuwa 140 ƙasa da sifiri, ana tsayawa minti 2 zuwa 4. A Japan aka fara shi a 1978 saboda masu amosanin gaɓɓai.

Amfanin da ake tallatawa bai tabbata ba. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta amince da ko na'ura ɗaya irin wannan a matsayin magani ba. Wasu kan ji zafi ya lafa na ɗan lokaci, shi ke nan. Mai sayar da shi da sunan yana narkar da ƙiba, algus yake yi.

Cutarwar kuwa sananniya ce. Na'urori da yawa da ruwan naitirojin suke aiki, wanda lita guda ke zama kusan lita 700 na iska. Wannan iska ta naitirojin ba ta da wari, ba ta da launi, tana korar iskar da muke shaƙa, mutum ya sume bai ankara ba. Haka wata ma'aikaciya ta rasu a jihar Nebada ta Amurka a 2015, ta shiga ita kaɗai. Safa mai danshin gumi kuma tana daskarewa ta ƙone ƙafa. Sanyin yana matse jijiyoyi, jini ya hau.

Don haka mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai juna biyu, da mai ciwon sukarin da ƙafarsa ta daina jin taɓi, da mai sikila (sanyi ne ke tayar masa da ciwo), haramun ne su shiga, saboda hadisin "ba cuta, ba cutarwa" da faɗin Allah a Baƙara aya ta 195.

Wanda ba ya cikinsu, ya halatta gare shi idan likitansa ya yarda. Ya shiga jiki a bushe, da safar hannu da ta ƙafa busassu, ya cire agogo da zobe, ma'aikaci na tsaye, ƙofa na buɗuwa daga ciki. Gajeren wandon da ake bayarwa yawanci ba ya kai gwiwa, ka je da naka, kuma namiji ne zai kula da kai. Kada ka ajiye maganin da likita ya rubuta maka saboda wannan ɗaki.

Wallahu a'alam.