Maman Hanif, kada ki bar inshorar motar nan ta sabunta kanta

(Muryar da Yaya ta turo guruf jiya da daddare. An mayar da ita rubutu saboda masu aikin dare da ba sa samun damar saurare.)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Maman Hanif, na ga saƙonki tun da rana, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba, kuma maganar ta fi ƙarfin rubutu, gara in yi ta da baki. Kin ce kamfanin inshorar motarki sun turo takardar sabuntawa, bara kin biya fam 840, bana sun rubuto 1,190, alhali ko madubin wani ba ki taɓa gogewa ba. Kin ce saura kwana 25 ta ƙare, kina tambaya ko ki ƙyale su su ciri kuɗin kawai tunda ana cewa ko'ina an yi tsada. A'a ƙanwata, kada ki ƙyale. Kuma kin yi dace da kika tambaya yanzu, ba ana gobe za ta ƙare ba.

Bari in fara da wata magana da nake yawan ji a bakin mutanenmu, wai ai gwamnati ta hana su cutar tsohon kwastoma, don haka ba sai mutum ya wahalar da kansa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A da, sai su jawo ki da farashi mai sauƙi a shekarar farko, daga nan duk shekara su ɗan ɗora, su ɗan ɗora, har ki wayi gari kina biyan abin da ya fi na wanda ya shigo jiya nesa ba kusa ba. Hukumar FCA, mai sa ido kan harkokin kuɗi a nan Birtaniya, ta hana wannan tun daga 1 ga Janairun 2022. Yanzu kamfaninki ba shi da ikon ya caje ki fiye da abin da zai caji sabon mutum mai irin yanayinki da ya shigo ta hanyar da kika shigo. To amma dokar iyakarta cikin gidan kamfanin. Ba ta ce sai farashinsa ya yi daidai da na maƙwabcinsa ba. Kamar ki shiga Kantin Kwari ne, mai shago ya rantse miki yadda ya sayar wa kowa atamfar nan haka zai sayar miki, kuma gaskiya ya faɗa, amma a layi na gaba ga ta nan da rangwamen dubu biyar. Kowane kamfani da irin lissafinsa. Wani yana tsoron unguwarku, wani bai damu da ita ba. Wani bana yana neman masu ƙananan motoci irin taki, wani ya ƙoshi da su. Ba yadda za a yi ki sani sai kin zaga.

Batun kwana 25 ɗin nan da na ce kin yi dace. Farashin inshora ɗaya, mota ɗaya, mutum ɗaya, yana canzawa gwargwadon kusancin ranar da za ta fara aiki. In kika nema saura kamar mako uku zuwa huɗu, ya fi sauƙi. In kika bari sai ranar, sai ki ga ya yi tsalle, don a lissafinsu mai zuwa a ƙurarren lokaci ya fi yiwuwar jawo musu asara. Baturen nan Martin Lewis wanda ya kafa shafin MoneySavingExpert ya daɗe yana nanata wannan, kuma ni na gani da idona. Kina iya saya yau ki sa ta fara aiki ranar da tsohuwar za ta ƙare. Saboda haka cikin makon nan za ki yi, ba mako mai zuwa ba.

Ni ga yadda na yi tawa a watan Nuwamban da ya wuce. Bayan isha'i, yara sun kwanta, na haɗa shayi na zauna a teburin kicin, na baje takardar sabuntawar, da lasisina, da takardun MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, na shekara biyu. Abin da ya sa na ɗauko na MOT, a jikinsu ake rubuta mil nawa motar ta ci. Tun da na sayi motar nake cika musu mil 12,000 a shekara, don haka wanda ya taya ni cikawa da farko ya sa, ni kuma na ci gaba da bi. Da na cire na bara daga na bana sai na ga ko 7,000 ban kai ba. Shekara da shekaru ina biyan kuɗin tafiyar da ban yi ba. Abin ya tsaya min a rai wallahi, don a lokacin nan akwai watan da sai na yi dabara kafin in aika wa Inna kuɗin magani. Ki duba naki, kada ki yi kintace. Ko takardun sun ɓata, in kika sa lambar motar a shafin gwamnati na tarihin MOT zai fito miki da su kyauta.

Daga nan na shiga shafukan kwatanta farashi. Manyan su ne Compare the Market, MoneySuperMarket, Confused.com da GoCompare. Kada ki tsaya a ɗaya, ki yi aƙalla biyu, don ba duka kamfanoni ne suke kan kowane shafi ba, kuma wani lokacin kamfani ɗaya sai ya ba da farashi daban a nan da can. Cikawar farko ce mai cin rai, kamar minti ashirin, sauran kuma maimaici ne. Neman farashi ba ya taɓa tarihin bashinki, kada wannan ya tsorata ki. Tawa kamfanina sun rubuto min 960, na samu ta 705 a wani wuri. Washegari na kira kamfanina na ce musu ga abin da na samu, ina so in tashi. Yarinyar ta ce in ɗan jira, ta bar ni da kiɗa a kunne kamar minti huɗu, ta dawo ta ce za su iya yi min 790. Kin ga fam 170 sun zube daga kiran waya ɗaya, kuɗin da da na yi shiru da sun tafi da shi. Na yi mata godiya na ce duk da haka zan tafi, don 85 ɗin da ya rage ma kuɗi ne.

Amma ki kula, ba wadda ta fito a sama kawai za ki danna ba. Akwai abin da suke kira ikses, wato kason da ke za ki fara fitarwa daga aljihunki in an yi hatsari kafin su biya sauran. Kashi biyu ne, akwai na dole da su suke yankawa, akwai wanda ke kike ƙarawa da kanki, kuma haɗa su ake yi. Sai ki ga inshora ta yi arha, ashe jimillar ikses ɗinta fam 750 ne, motar kuma gaba ɗayanta ba ta wuce 2,500 ba. Ki tambayi kanki, in abu ya faru gobe, ina da wannan kuɗin a hannu? Sannan ki duba ko akwai gyaran gilashin gaba, da motar aro in taki tana gareji, tunda ke da mota kike cin abinci. Kuma ki gwada cikakkiyar inshora, kada ki ɗauka tad fati, wadda take biyan wanda kika yi wa ɓarna kaɗai, ita ce mai arha kamar a gida. A nan sau da yawa cikakkiyar ta fi sauƙi.

Sai biyan wata-wata. Da yawanmu ba mu san cewa bashi ba ne. Su biya miki na shekara, ke ki riƙa biyansu da kuɗin ruwa a kai. Ki duba takardarki, za ki ga jimillar wata-wata ta fi ta biya ɗaya. Ga asara, ga kuma abin da zuciyar Musulmi ba ta natsuwa da shi. Na san fitar da fam 700 a tashi ɗaya ba wasa ba ne. Shi ya sa nake cewa masu adashi a guruf ɗin nan, ku riƙa daidaita kwasarku da watan inshorarku. Ni haka nake yi, kwasata ta Oktoba ta mota ce, ba na taɓa ta.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne, har waɗanda ba su yi tambaya ba. Neman sauƙi daban, ƙarya a fom daban. Maman Hanif, ke aikin kula da tsofaffi kike yi, kina tashi daga gidan wannan ki tafi gidan wancan. Za su tambaye ki me kike yi da motar. Akwai zaɓin zirga-zirgar gida kawai, akwai wanda ya haɗa da zuwa wurin aiki guda ɗaya, akwai kuma na harkar aiki, wanda suke ce wa bizines. Naki na ukun ne. In kika zaɓi na biyu don ya fi arha, ranar da kika bugi wani a hanyarki daga gidan wata tsohuwa zuwa na wata, za su iya cewa wannan tafiyar ba ta cikin abin da kika saya. Sau da yawa ma bambancin kuɗin kaɗan ne. Masu kai abinci da kaya kuwa, ku gaya wa mazajenku, tasu daban ce gaba ɗaya, ko bizines ɗin ba ta ɗauke ta.

Haka batun adireshi. Na san unguwanni irin na cikin Birmingham da Bradford da Landan suna da tsada, sai wani ya ce sa adireshin ɗan uwanka na ƙauye. Kada ki yi. Haka sa sunan maigida a matsayin babban direba alhali ke ce kike jan motar kullum, wannan zamba ce a dokarsu. Amma ki sa shi a matsayin direba na biyu in da gaske yana ɗan ja, wannan halas ne, kuma in ya daɗe da lasisi ba shi da tabo, yakan sauko da farashin. Duk wani ɗan karo da aka yi a shekarun da suka tambaya ki faɗa, ko ba laifinki ba ne, don suna da rumbun da suke duba junansu. In suka kama ƙarya suka soke miki inshora, wannan tambayar za ta bi ki duk inda kika je, kowane fom sai ya ce an taɓa soke miki?

Sannan don Allah, don Annabi, ku rabu da masu tallar inshora a WhatsApp da Instagram, masu cewa turo fam 300 in haɗa miki ta shekara. Na san wata baiwar Allah a nan garin, wani ya haɗa mata, har takarda ya turo mai tambari da komai. Wata uku tana yawo da yara a mota, sai ranar da 'yan sanda suka tsayar da ita a hanyar makaranta, don kyamarar motarsu tana karanta lamba. Ashe ya saya da bayanan ƙarya, ya soke bayan kwana kaɗan ya karɓe kuɗin. A gefen titi ta tsaya da yara biyu da jakunkunansu, ana ɗaga motar. Tuƙi ba inshora tarar fam 300 ne da maki 6 na laifi a lasisi, kuma wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki 6 ɗin nan sun isa a karɓe lasisin, ya koma farko. Yawancinmu nan sababbin lasisi ne da mu, tunda na gida shekara ɗaya kawai yake yi mana. Duk wanda ya ce shi dillali ne, a duba sunansa a rajistar FCA. Bayan kin saya kuma, ki ba shi 'yan kwanaki ki sa lambar motarki a shafin da ake duba ko mota tana da inshora, wanda aka sani da askMID, ki tabbatar ta fito.

In kin yanke shawarar tashi, ki kira tsohon kamfanin ko ki shiga asusunki ki kashe sabuntawar nan ta kai tsaye, in ba haka ba za su cira, sabon ma ya cira, ki zo kina bin kuɗinki. Ki karɓi shaidar shekarun da kika yi ba ki nemi diyya ba, sabon kamfanin zai iya tambaya, kuma rangwamen da ake yi miki saboda shekarun nan yana bin ki duk inda kika koma. Ki tabbatar ba a samu ko kwana ɗaya a tsakani ba, don a nan ko a ajiye mota take sai da inshora, sai dai in kin sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, kin ɗauke ta daga titi. Wadda kuma tata ta riga ta sabunta a makon nan, akwai kwana 14 na canza ra'ayi, za su cire na kwanakin da aka ci, wataƙila da ɗan kuɗin aiki, su maido sauran.

Gobe ina hutu. Ki kira ni bayan la'asar, ki ajiye takardar sabuntawar da lasisinki da na Baban Hanif a kusa, da ranar da kika ci jarrabawa, mu cika na farko tare a waya, na biyun ki yi da kanki. Ki shafa min kan Hanif, Allah ya ƙara masa sauƙin murar. Sai da safenku.